Fatar Liman da Ruwan Randa

Malumfashi, ashirin ga watan Gani, shekara ta 1289 bayan Hijira

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Kulu 'yar Malam Ummaru zuwa ga ƙanena Maharazu, mai koyon ilimin magani a gidan Malam Abdussamad da ke Maska. Gaisuwa mai yawa da so da yarda.

Na san ba za ka tuna ni ba. Kakata Sabuwa da kakarka Tasalla uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sau ɗaya na taɓa ganin ka, ranar sunan ƙanwarka, kana rarrafe kana cin ƙasa, ni na ɗauke ka na wanke maka baki. Jibo mai jakuna, wanda ke kai zare Maska, shi ya ba ni labarin inda kake, shi ne kuma zai kawo maka wannan takarda. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, an gama shukar gero. Ina fatan kai da malaminka kuna lafiya.

Bayan haka, maigidana shi ne limamin masallacin unguwarmu, sunansa ka tambayi Jibo. A bazarar nan ya yi masassara ta kwana shida, ya warke. Tun daga nan wani abu ya same shi wanda ban taɓa gani ba. Sai ka ga fuskarsa da hannuwansa sun tashi rudu-rudu kamar wanda aka zane da tsumagiya. Wani tudun kamar ƙwayar wake, wani ya kai tafin hannu, gefensa ja, tsakiyarsa fari-fari. Ƙaiƙayi kuwa har ya rasa inda zai sa kansa. Kafin rana ta take, babu komai, fata ta koma sumul kamar ƙarya nake yi. Washegari ya dawo.

Wanzami ya yi masa ƙaho sau biyu. An sha rubutu, an yi turaren sabara. Abin yana nan.

Mutane sun fara magana. Wata tsohuwa ta ce haka kuturta ta fara wa mijinta. Jiya da ya idar da salla, mutum uku ne kawai suka miƙo masa hannu, ga shi da can sai ya gaji da gaisawa. Tuwonsa ya dawo yadda na kai shi.

Ƙanena, ni ba kuka na zo yi maka ba, sani nake so. Wace irin cuta ce ke zuwa da safe ta tafi da rana ba ta bar ko tabo ba? Ka tambayar mini malaminka. Wasalam.

*

Maska, ashirin da bakwai ga watan Gani

Daga Maharazu zuwa ga yayata Kulu, uwargidan Malam Aƙilu. Aminci ya tabbata gare ku. Takardarki ta iso, na yi murna ƙwarai. Inna Tasalla takan ambaci gidanku kafin ta rasu. Ni lafiya, sai dai Malaminmu ƙafa na damun sa, ga tsufa. Batun cin ƙasa kuwa, na daina.

Shekarata uku nan ina daka saiwa ina kwafar littafi, ba wanda ya taɓa tambaya ta ni da kaina sai ke. Na karanta wa Malaminmu takardarki, ya ce in fara faɗin nawa kafin ya faɗi nasa. Na faɗa, ya gyaɗa kai.

Ki kwantar da hankalinki. Kuturta ba ta zuwa ta tafi a yini guda. Inda ta sauka nan take zama, ba ta ƙaiƙayi, wurin ma mutuwa yake yi. Ki gwada da kanki. In abin ya tashi, Liman ya rufe ido, ki shafa gashin kaza a kan tudun. In ya ji, ba ita ba ce. Agana kuwa da zazzaɓi mai zafi take zuwa, ƙurajenta su ɗuri ruwa. Ƙazuwa tsakanin yatsu take zama, ta kama duk mutanen gida. Sa'an nan ki ɗauki alƙalami ki zagaye tudu ɗaya da tawada, ki duba washegari ko yana cikin zagayen ko ya tashi.

Abin da ke damun Liman, in Allah ya so, borin jini ne. A littafi an ce zafi ne ke yi wa jini yawa, sai tururinsa ya taso ya tsaya ƙarƙashin fata. Maganin zafi kuwa sanyi ne. Ki jiƙa masa tsamiya ya riƙa sha, ya bar barkono da citta, ya riƙa wanka da ruwan randa mai sanyi safe da yamma.

Ki rubuto mini yadda aka yi. Haza wasalam.

*

Malumfashi, ƙarshen Rabi'ul Ahir

Daga Kulu zuwa ga Maharazu. Gaisuwa. Muna raye, gero ya kai gwiwa. Allah ya ba malaminka sauƙin ƙafa.

Na yi wata guda ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don kada in rubuta maka abin da zan ji kunyarsa.

Ga abin da takardarka ta yi. Jibo ba ya shiga cikin gida, sai ya miƙa ta a zaure. Ranar idanun Liman sun kumbura, ba ya gani sosai, ga dattawa zaune sun zo gaishe shi. Ya ce wa na'ibinsa, Malam Mati, ya karanta kowa ya ji, don yana sa ran za a wanke shi daga zancen kuturta. An kuwa wanke shi, har ana hamdala. Da Malam Mati ya iso tsakiya sai ya tsaya. Liman ya ce, "Ci gaba mana." Ya ce, "Allah gafarta Malam, gara a bari." Liman ya ce, "Karanta!" Sai ya karanta: borin jinni ne.

Ina bayan zana ina ji. Wani ya ce, "Ai shi ya sa! Ba ku lura inda abin ke fita ba? Fuska, hannuwa, ƙafafu. Duk inda ruwan alwala ya taɓa." Wani ya ce jikin da ke ƙin alwala ba ya jan salla. Kafin la'asar magana ta kai kasuwa, wai malaman Maska sun ce limaminmu iskokin bori sun hau kansa. Yanzu Malam Mati ke jan salla. Liman sahun baya yake tsayawa, na kusa da shi su bar tazara.

Na karɓi takardar na duba. Ruwan sama ya taɓa wurin, tawada ta baje. Ni kaina ban san me ka rubuta ba. Aljani kake nufi, Maharazu? In shi ne, faɗa mini ƙiri-ƙiri.

Duk da haka na yi abin da ka ce. Gashin kaza ya ji shi sarai, har ya ce in bari yana ƙara masa ƙaiƙayi. Zagayen tawada washegari fanko ne, wani tudun ya fito can gefe. Wankan ruwan randa kuwa sau ɗaya muka yi. Kafin ya fito daga makewayi duk jikinsa ya tashi, leɓensa ya yi suntum, ya zauna a ƙasa yana cewa jiri. Ban sake ba, ba kuma zan sake ba ko littafi nawa suka faɗa.

*

Maska, goma ga Jimada Awwal

Zuwa ga Yaya Kulu. Bayan gaisuwa, ina neman gafararki da ta Liman. Kwana biyu abinci bai shiga bakina ba.

Jini na rubuta, jinin da ke gudu a jikin mutum. Haka wanzaman nan ke kiran cutar, borin jini, don jinin ne ke tubure kamar yaro mai rigima, ya yi ya gaji ya kwanta. Ba aljani a ciki ko kaɗan. A rubutunmu haruffan jini da na jinni duk ɗaya ne, 'yar alama ce a sama ke raba su. Malam Mati ya saba da Larabci, idonsa ya ga abin da ya saba gani. Laifina ne da ban yi bayani ba. Malaminmu ya ce mai magani da ya rubuta kalma mai fuska biyu, daidai yake da wanda ya bar wuƙa a shimfiɗar majinyaci.

Wankan kuwa ya ɗaure mana kai. Na sake buɗe littafin, abin da na faɗa miki shi ne a ciki. Na tambayi Malaminmu, ya ce, "Littafi bai ga Liman ba, ita ta gan shi. Tambaye ta."

To, ina tambaya. Wannan cuta takan sami abin da ke tayar da ita. Mun ga wanda kifi busasshe ke tayar masa, mun ga wanda harbin zuma ne, wata kuma gyaɗa. Ki riƙa lura: wane lokaci ya tashi, me ya ci, me ya sa a jiki, me ya taɓa. Ki janye abinci ɗaya-ɗaya, kowanne kwana bakwai. Abu guda ki tsorata da shi: in harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya fara ƙara, wannan ba wasa ba ne.

Malaminmu ya ce in ruwa ya ɗauke, Liman ya zo ya gan shi da idonsa.

*

Malumfashi, biyar ga Rajab

Daga Kulu zuwa ga ƙanena. Gaisuwa da fatan alheri. Na yafe maka tuni. Marka ce ta hana Jibo tafiya, shi ya sa ka ji shiru wata biyu. Na nuna wa Malam Mati takardarka ta biyu, ya ce ya ji, amma mutane sun ce dangin matar Liman ne, dole su gyara maganarsu.

Yanzu saurara, don ina jin na kama bakin zaren.

Na janye kifi, na janye gyaɗa, na janye nono, har daddawa na hana miya, gidan nan kowa ya tsane ni. Ba abin da ya sake. Sai na koma kan maganar da mutane ke yi mana gori da ita. Gaskiya suka faɗa, inda ruwan alwala ya taɓa nan yake fita. Amma ba su lura da abin da na lura ba: alwalar asuba ce kawai. Ta azahar da ta la'asar ba ya ko susa. Rijiya ɗaya, buta ɗaya, mutum ɗaya. In aljani ne ke ƙin alwala, me ya sa ya yarda da ta azahar? Na yi kwanaki ina juya wannan, ina kaɗi, zare na tsinkewa. Ran nan na ɗauki butar da rana zan cika, na ji ta da ɗumi a hannuna. Ashe a rana take yini. Ta asuba kuwa daga randa nake zubawa.

Sai komai ya riƙa faɗo mini. Ranar da ruwan sama ya doke shi a gona, ya dawo rudu-rudu. Ranar da ya sha fura da ruwan randa, leɓe ya kumbura. Ga kuma wankan da ka ce a yi.

Shekaranjiya aka yi hadari da ƙanƙara. Yara na tsinta suna sha, ni ma na tsinci biyu manya na ruga ɗaki. Na ce, "Malam, ara mini hannunka." Ya ce, "Yau kuma me za a janye?" Na ɗora ɗaya a damtsensa, ɗaya a nawa, muka riƙe har suka narke. Nawa ya yi ja ya wuce. Nasa da farko ba komai, har ya fara dariya. Da wurin ya soma ɗumi sai ga tudu ya taso, daidai girman ƙanƙarar, ba ƙari ba ragi. Ya daɗe yana kallon sa, ya ce, "Ikon Allah."

Jiya da yau na ɗumama masa ruwan asuba. Fata lafiya lau.

Ga tambayata: ta yaya sanyi ke haifar da abu ja mai zafi? In jini zafi ne ya yi masa yawa, me ya sa yake bori in an sanyaya shi?

Liman ya ce maganar cikin gida ba za ta karɓu a masallaci ba, sai da takardar malaminka. Ruwa ya yi sauƙi kwana biyun nan, ya ce ai ya ɗauke ke nan. Ranar Alhamis zai taso tare da Jibo. Wannan takarda na ba masu kanwa da za su tashi gobe, don ku san da zuwansa. An ce rafin da ke gaban Bakori ya kai ƙirji, amma ana ƙetarewa.

*

Funtuwa, goma sha biyu ga Rajab

Yaya Kulu, Liman yana raye, yana nan kusa da ni yana shan kunu. Na fara da wannan kafin gaisuwa don kada gabanki ya faɗi. To, ina gaisuwa.

Takardarki ta iso ranar Alhamis da yamma. Ina karanta wa Malaminmu labarin ƙanƙara yana murmushi yana cewa, "Sake karanta wurin." Da na zo kan rafi sai murmushin ya ɓace. Ya ce shekara ashirin da suka wuce an kira shi kan wani makiyayi, saurayi lafiyayye, wanda ya shiga gulbi bayan shanunsa da sanyin safiya. Ya fito jiki duk ya tashi, ya faɗi a bakin ruwa, bai sake tashi ba. Mutane suka ce mutanen ruwa ne. Shi bai yarda ba, amma bai san dalili ba sai yau. Ya ce, "In ƙanƙara ɗaya ta tayar da tudu ɗaya, rafi guda fa? Tashi ka tare shi."

Na fito da asubar Juma'a, na kwana Funtuwa, Asabar da hantsi na iso rafin. Ban san fuskar Liman ba, amma na gane jakunan Jibo daga nesa. Sun riga sun shiga. Wani mutum na tsakiya, rigarsa naɗe a ka, ruwa a ƙirji. Na yi ta ihu, "Ku koma! Ku koma!" Ƙarar ruwa ta cinye muryata. Jibo har ɗaga mini hannu yake, ya ɗauka maraba nake yi.

Saura kamar taku goma ya iso gaci sai na ga mutumin nan mai riga a ka ya tsaya, ya yi tangaɗi, rigar ta faɗi, ruwa ya tafi da ita. Na faɗa ruwan. Ni da wani mai fito muka cafke shi kafin kansa ya nutse, muka jawo shi kan yashi.

Yaya, abin da kika yi ta kwatanta mini a takarda, ranar na gan shi. Daga wuya har ƙafa tudu ya haɗe da tudu. Leɓe ya kumbura, numfashi na fita da ƙara, idanu sun juye. Na taɓa jijiyar hannunsa, da ƙyar nake jin ta. Ba ni da wani magani, duk abin da na haddace ba wanda ya zo kaina. Maganarki ce ta zo: sanyi ke tayar da shi. Muka kwantar da shi, muka goge ruwan, na tuɓe rigata na rufa masa, Jibo ya kwance gwado biyu daga kaya, masu fito suka hura wuta gefe da gefe. Na riƙe hannunsa ina ƙirga bugun jijiya. Sannu a hankali ta riƙa dawowa. Kafin azahar ya buɗe ido.

Ya dube ni ya ce, "Kai ne mai takarda?" Na ce ni ne. Ya ce, "Da rubutunka da maganinka, ban san wanda ya fi ba ni wuya ba." Sa'an nan ya riƙe hannuna bai saki ba.

Gobe za mu wuce Maska a kan jaki. Ba zai dawo ba sai rafin ya koma idon sawu. Tambayarki kuwa, ban san amsarta ba. Malaminmu ma ya ce bai sani ba.

*

Malumfashi, ashirin da biyar ga Sha'aban

Daga Kulu zuwa ga ƙanena Malam Maharazu. Gaisuwa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Liman ya iso lafiya, har ya yi ƙiba. Gero yana rumbu, dawa ta nuna. Ka gaishe mini da malaminka. Liman ya ce ya gan shi yana rubuta labarin ƙanƙara a gefen littafinsa, har da sunana. Kunya ta kama ni, amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Takardar shaidar da kuka ba shi tana aljihunsa, bai fitar ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan asuba, ya roƙi mutane kada su watse. Ya sa aka kawo buta biyu ƙofar masallaci, ɗaya daga randa, ɗaya daga murhuna. Ya naɗe hannuwan riga. Ya ce Malam Mati ya zuba masa na ɗumi a dama, na sanyi a hagu, iyakar gwiwar hannu. Suka zauna suna jira. Ladan ya gaya wa matarsa, ita ta gaya mini, wai da hagun ya fara tashi har tsofaffi suka miƙe suna leƙe. Dama kuwa ko ɗigo.

Liman ya ce, "To, in aljani ne, ga shi nan a hannu ɗaya, kuma ruwan ɗumi kawai yake so." Aka yi dariya, ban da Malam Mati. Shi ya sunkuyar da kai ya ce, "Bakina ne ya faɗe ta, ku shaida bakina ya janye ta." Da la'asar ya koma sahun farko, ya tura Liman gaba. Mutum biyu har yau masallacin kasuwa suke zuwa. Liman ya ce a ƙyale su.

Yanzu mata sun fara zuwa wurina. Maƙwabciyata Shafa'atu nata na tashi ne in ta yi daka ta yi gumi, sanyi ma daɗi yake mata. Ashe cuta ɗaya ce amma kowa da abin da ke tsokanar masa ita? Na ba ta tawada ta zagaye, na ce ta fara lura. In kun taɓa ganin irin nata, ka rubuto.

Ɗari ya kusa, ina ɗinka masa riga mai kauri. Jiya ya tambaye ni ko abin zai rabu da shi. Na ce malaminka ya ce wani yakan rabu da shi bayan shekaru, wani kuma sai dai a zauna tare. Ya kalli tukunyar ruwan alwalarsa da ke kan wuta. Can ya ce, "To, bana karan dawarmu ko ɗaya kada a bayar. A tara shi bayan ɗaki."

Allah ya sada mu da alheri. Wasalam.